Yadda Mataimakin Jarumi Zai Daɗe Ana Nemansa a Fim: Darasi Daga Ƴan Wasan Suwidin

Kusan duk saurayin da ya zo neman shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo a nan Damagaram, idan aka tambaye shi a me yake so ya fito, jarumi zai ce, budurwa kuma ta ce jaruma. Ban taɓa jin wanda ya ce burinsa ya fito a dogari, ko mai shayi, ko kawun amarya da ake zuwa ba shi haƙuri ba. Amma fim ɗaya jarumi ɗaya yake ɗauka, ko biyu idan labarin ya yi faɗi, sauran mutum ashirin ko talatin da ake gani a cikinsa kuwa duk masu rufa masa baya ne. Wannan rubutu domin su na yi shi, kuma abin da zai bayyana shi ne yadda ɗan wasan da hotonsa ba ya hawa fosta zai riƙe sana'arsa shekara talatin, arba'in, har hamsin, ana kiransa aiki, bayan jaruman da suka fara tare sun daɗe da komawa kasuwa.

Misalan da zan kafa hujja da su daga ƙasar Suwidin na ɗauko su, can arewacin Turai, kuma ina da dalili. A wajen shekarar 1950 mutanen ƙasar kimanin miliyan bakwai ne kacal, harshensu kuma idan ka bar ƙasar da maƙwabtanta ba mai jin sa, amma duk da haka a shekarun 1940 sukan fitar da fim kusan arba'in a shekara. Babban kamfaninsu, Svensk Filmindustri, an kafa shi a 1919, ya kuma buɗe unguwar ɗaukar fim a Råsunda, a gefen birnin Istokholm, a 1920. Kasuwa ƙarama ce, kuɗi ba su da yawa, ƴan wasa kuma sun san juna har darakta yana iya lissafa su da ka. Wannan ya fi kama da halin da muke ciki tsakanin Damagaram da Maraɗi da Kano fiye da abin da ake yi a Amurka ko Indiya.

Sunan da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne Sigge Fürst. An haife shi a Istokholm a 1905, ya rasu a 1984, kuma tsakanin 1931 da 1981 ya fito a fim sama da 130, mafi yawansu ba shi ne jarumi ba. Shekara hamsin ke nan cif yana gaban kyamara. Kafin ya shiga wasa ɗan sanda ne, da waƙa kuma ya fara jan hankalin jama'a, sannan masu shirya fim suka lura da shi. Sauran da zan ambata, maza da mata, duk hanyarsu ta yi kama da tasa ta wata fuska.

Fara da abin da jikinka ya riga ya sani

Fürst ya sha fitowa a ɗan sanda, kuma babu mamaki, domin mutumin da ya yi shekaru yana sintiri a titi ba ya bukatar a koya masa yadda ake tsayawa a bakin ƙofar mai laifi. Abu na farko ke nan da sabon ɗan wasa zai yi: ya zauna ya lissafa sana'o'i da halayen da ya sani daga ciki, ba daga kallo a waya ba. Idan kai ɗan kabu-kabu ne, ko baduku, ko malamin lakwal, ko ka tashi a gidan mahauta, ko ke ungozoma ce ko mai tallan fura, to wannan shi ne jarinka na farko, kuma shi za ka gaya wa darakta ranar da ka je gwaji. Darakta yana da samari hamsin masu iya kallon budurwa da tattausan ido, amma ba shi da ko ɗaya wanda ya iya riƙe wuƙar fawa ba tare da mahauta sun yi masa dariya ba.

Abin da ba ka sani ba kuwa sai ka je ka koyo shi da ido. Ka ware yini guda ka zauna a Kasuwar Dole ranar Alhamis, ka zaɓi mutum ɗaya, misali dillalin dabbobi, ka bi motsinsa: yadda yake riƙe hannun mai saye ba ya saki har sai an daidaita, yadda yake juya baya kamar ya haƙura alhali kunnensa na nan, yadda muryarsa ke sauka idan an zo maganar la'ada. Ka je ƙofar fada a Birni ka kalli dogarai, ka lura cewa tsayuwarsu ba ta soja ba ce, kuma gaisuwar da suke amsawa a madadin Sarki tana da nata kari da nata lokaci. Mu mutanen Damagaram muna da gado a wannan fanni, domin wasan kara, inda matasa ke kwaikwayon sarki da fadawa da manyan hukuma, ba a kan wani abu ya ginu ba sai lura da tafiya da sutura da salon maganar mutane. Bambancin kawai shi ne wasan kara yana son a zuzuta domin a yi dariya, kyamara kuwa tana son a rage.

Yadda ake gina ƙaramar fitowa

Nan ne ainihin sana'ar take, don haka zan ɗan daɗe a kai. Sau da yawa abin da za a ba ka bai wuce layi biyu ko uku ba, wani lokaci ma ba a rubuce ba, darakta ne zai gaya maka da baki ana saura minti goma a fara ɗauka. Kafin ka shiga, ka amsa wa kanka tambayoyi uku: daga ina wannan mutumin yake, me yake so a wurin nan, kuma ina za shi idan ya fita? A ce an ba ka ɗan aike da zai sanar da maigida cewa motar kayansa ta lalace a hanyar Tanut. Idan ka yanke cewa a guje ya zo daga tasha, bai ci kome ba tun safe, yana tsoron a ɗora masa laifi, kuma yana fatan a ba shi kuɗin komawa, to sallamarsa da durƙusonsa da yadda zai ƙi haɗa ido da maigida duk za su fito da kansu, alhali maganar da aka ba shi ba ta ƙaru da kalma ko ɗaya ba. Ba kowa za ka gaya wa waɗannan amsoshi ba, naka ne, amma mai kallo zai ji cewa mutum ne ya shigo ɗakin, ba wanda aka turo ya faɗi magana ya fita ba.

Abu na biyu shi ne saurare, kuma shi ne ya fi wa sababbin ƴan wasa wuya. Yawancinsu idan abokin wasa yana magana ba sa jin sa, suna can suna maimaita nasu layin a zuci, ido ya mutu, sai an zo kansu su farka. Mataimakin jarumi kuwa kashi mafi girma na aikinsa a cikin shiru yake, domin mai tace hoto yakan yanko fuskar mai sauraro ya saka a tsakiyar maganar jarumi, kuma da wannan fuskar mai kallo yake auna nauyin abin da aka faɗa. Max von Sydow, ɗan wasan Suwidin da aka haifa a garin Lund a 1929, ya kai wannan fasaha matuƙa: a wani fim na Amurka da ya fito a 2011 ya fito a tsohon da ba ya magana ko kaɗan, da rubutu a takarda da tafin hannu yake amsawa, kuma da wannan fitowa aka sa sunansa cikin masu takarar kyautar Oska ta mataimakin jarumi yana da shekara 82. Hanyar koyon wannan mai sauƙi ce. A wurin bita ka roƙi abokin wasanka ya sauya kalmominsa ba tare da ya gaya maka ba, kai kuma kada ka amsa sai ka ji abin da ya ce da gaske.

Abu na uku na koye shi ne da kunya. A fim na farko da aka ɗauke ni, an ba ni dogari, maganata kuma ɗaya tak: "Ranka ya daɗe, ga baƙi." Da na ga ta yi mini kaɗan sai na ƙudurta cewa dole a san da ni. Sarki yana yanke hukunci, ni kuma ina bayansa ina gyara rawani, ina zare ido, ina yi wa mai ƙara gyaran murya, yaran unguwa da suka taru kallo suna ta ƙyaƙyata dariya, ni kuwa na ɗauka na burge. Darakta bai ce mini kome ba sai "An gode, ɗan'uwa." Da fim ya fito, kafaɗata da gefen rigata kawai ake gani, an matso da hoton an yanke ni. Dattijon ƙungiyarmu, wanda duk muke kira Baba, ya kira ni gefe ya ce, "Yaro, dogari ba jama'a yake kallo ba, bakin sarki yake kallo." Ma'anarsa ita ce kowace fitowa tana da mai ita, kuma aikin mai rufa baya shi ne ya tura idon mai kallo wurin da labari yake so ya tafi. Ɗan wasan da yake satar ido daga jarumi yakan samu tafi rana ɗaya, amma jaruman da kansu za su riƙa ce wa furodusa kada a sake haɗa su da shi.

Wannan ba ya nufin ka zama bango. A fim ɗin darakta Ingmar Bergman na 1957 mai suna Det sjunde inseglet, wato Hatimi na Bakwai, von Sydow ne barden da ya dawo daga yaƙi yana fama da tambayoyi a kan mutuwa, Gunnar Björnstrand kuma shi ne baransa mai riƙe masa doki. Baran nan mai kaifin baki ne, ba ya ɗaukar tambayoyin ubangidansa da nauyi, shi ke hulɗa da talakawan da suke gamuwa da su a hanya, kuma masu kallo da yawa shi suka fi tunawa. Amma idan ka lura za ka ga bai taɓa ƙwace wa ubangidansa wuri ba, sai dai ya zama kishiyarsa: barde dogo ne mai shiru mai duban sama, bara kuma mai duban ƙasa da cikin mutane. Ƙa'idar da za ka ɗauka ita ce ka duba abin da jarumi yake yi, ka kawo abin da ba shi da shi. Idan yana da zafi ka yi sanyi, idan yana magana da sauri ka ja taka, domin da haka hasken ku biyun yake fitowa.

Saura abin da ƴan fim ke kira kwantiniti, wato daidaituwar abu tsakanin ɗauka da ɗauka. Fitowa ɗaya akan ɗauke ta sau da yawa, daga nesa, daga kusa, daga bayan kafaɗar wani, wani lokaci ma a ƙarasa ta bayan kwana uku. Idan a ɗaukar farko kofin shayi yana hannunka na dama, ka kurɓa bayan kalmar "wallahi", to haka za ka yi a kowace ɗauka, hular ma karinta ya kasance inda yake. A manyan kamfanoni akwai mai kula da wannan, a wurinmu kuwa sau da yawa babu, don haka ka sa wani ya ɗauke ka hoto da waya kafin a fara, ka duba shi duk lokacin da za a ci gaba. Mai tace hoto ba ya manta ɗan wasan da bai taɓa ba shi wahala ba, kuma shi ne yake zaune kusa da darakta makonni bayan kowa ya watse.

Zama a lokeshan

An ɗauki fim ɗin nan na barde da baransa cikin kwana 35 kacal a 1956. Ɗaya daga cikin hotunansa da suka fi shahara, inda ake ganin mutane a jere a kan tudu Mutuwa tana jan su, ba ƴan wasan ba ne a ciki. Da yamma ne wani gajimare mai ban mamaki ya taso bayan yawancin ƴan wasa sun tashi aiki sun tafi, sai darakta ya sa ma'aikatan da ke wurin da wasu baƙi masu yawon buɗe ido suka saka kayan wasan aka ɗauka cikin gaggawa. Ban kawo wannan don in zargi waɗanda suka tafi ba, domin an sallame su ne. Na kawo shi don a ga yadda aikin fim yake: dama takan zo ba sanarwa, wanda yake wurin shi take samu. Ka zo kafin lokacin da aka ce, ko da ka san ba za a fara ba sai bayan azahar, kada ka bar wurin sai mataimakin darakta ya ce ka tafi, ka kashe ƙarar wayarka, ka riƙe ruwan shanka da kanka, musamman a watannin Afrilu da Mayu da rana ke dukan duwatsun Birni. Ka gai da mai ɗaukar hoto da mai riƙe makirfo da mai kwalliya kamar yadda kake gai da furodusa, domin yaron da yake jan wayar lantarki yau shi ne daraktan da zai tuna da kai bayan shekara goma.

Maganar sallama kuwa a gama ta tun kafin a kunna kyamara. Ka tambaya cikin ladabi: kwana nawa ne aikin, nawa ne sallama, wa zai ɗauki kuɗin mota da abinci, kuma yaushe za a biya? Na taɓa yin kwana huɗu a wani aiki a kan alkawarin "za mu gani in fim ya fita", abin da na gani shi ne jika biyu na kabu-kabu. Laifina ne, domin kunya ta hana ni tambaya. Mai ƙaramin matsayi ya fi kowa bukatar wannan tsari, tun da shi ba da fim ɗaya yake ci ba, da tarin ƙanana yake ci.

Kada ka tsaya da ƙafa ɗaya

Babu ɗaya daga cikin ƴan wasan Suwidin da na ambata wanda fim kaɗai ya riƙe shi. Suna da gidan wasan daɓe na ƙasa a Istokholm, Dramaten, wanda Sarki Gustav na Uku ya kafa a 1788, kuma a makarantarsa Björnstrand da von Sydow suka yi karatu. A shekarun 1950 Bergman yana darakta a gidan wasan birnin Malmö, sai ya riƙa aiki da ƴan wasansa a kan dandamali lokacin sanyi, idan rana ta dawo kuma ya kwashe da yawa daga cikinsu zuwa ɗaukar fim. Fürst shi kuma rediyo ya riƙe: ya yi shekaru masu yawa yana gabatar da wani shirin safe mai suna Frukostklubben, har zuwa 1978, saboda haka ko a shekarar da bai fito a fim mai ƙarfi ba, muryarsa tana cikin gidajen mutane. Amfanin wannan ya bayyana da talabijin ta fara aiki a ƙasar a 1956, masu zuwa silima suka ragu ƙwarai cikin ƴan shekaru, yawan finafinan da ake yi ya faɗi. Waɗanda suke da dandamali da rediyo sun tsira, suka kuma shiga talabijin ɗin da ƙafar dama.

Mu ma mun ga irin wannan juyi da idonmu, daga kaset zuwa faifai, daga faifai zuwa finafinai masu dogon zango a YouTube, kuma kowane juyi ya bar wasu a baya. Damagaram tana da tarihin wasan kwaikwayon rediyo da talabijin tun zamanin ƙungiyar su Yazi Dogo, wadda ta sa ƙasar nan duka dariya da Hausa. Ka nemi shiga wasan rediyo ko da ba a biya da yawa, domin shi ke gyara murya da furuci. Ka riƙe ƙungiyar daɓe da ke bita a gidan matasa, ka karɓi wasannin faɗakarwa da ake kai wa ƙauyuka, sannan kada ka saki sana'ar hannunka. Ɗan wasan da yake da abin cefane daga wani wuri shi ne yake iya ƙin aikin da zai zubar masa da mutunci.

Idan an ɗaure ka a hali ɗaya, da kuma idan girma ya zo

Koke mafi yawa da nake ji daga masu rufa baya shi ne an maƙala musu hali ɗaya: wannan kullum shi ne boka, wannan kullum ita ce muguwar uwar miji. A ganina ba abin kuka ba ne a farkon tafiya. Julia Cæsar, wadda ta rayu daga 1885 zuwa 1971, tun tana da ƙuruciya aka fara ba ta tsofaffin mata masu faɗa da kaushin murya, ta riƙe wannan har ta fito a fim sama da ɗari, ta zama idan labari yana bukatar irin wannan mata ba a tunanin kowa sai ita. Samun hali ɗaya da aka san ka da shi yana nufin akwai dalilin da zai sa a buga maka waya. Abin da za ka kiyaye shi ne kada bokan jiya ya zama shi ne na yau sak: ka sauya masa tafiya, ko ka sa wannan ya zama mai tsoron matarsa, wancan mai gaskata ƙaryar kansa. Sannan duk shekara ka nemi aiki ɗaya, ko a daɓe ne, ko a gajeren fim na ɗalibai, wanda ya saɓa wa abin da aka saba ganin ka a ciki. Fürst, wanda jama'a suka sani da fara'a da waƙa a rediyo, ya fito a wani fim na Bergman a 1968 a matsayin shugaban ƴan tawaye mai bushewar zuciya, kuma sabon da aka yi da fara'arsa shi ya ƙara wa fitowar ban tsoro.

Haka nan kada ka ɗauki komawa ƙaramin matsayi a matsayin faɗuwa. A shekarar da von Sydow ya fito a barde, wato 1957, ya sake fitowa a wani fim na darakta ɗaya a matsayin mai sayar da mai a gidan mai, fitowar da ba ta wuce ƴan mintoci ba. Mutumin da ya yi haka yana ɗan shekara 28 shi ne ya yi aiki daga 1949 har kusan rasuwarsa a 2020. A wurinmu an sha ganin yaro ya ja fim ɗaya, daga nan ya ce shi ya wuce fitowa a abokin ango, bayan shekara uku kuma ba ango ba aboki.

Girma kuwa, wanda yake kashe kasuwar jarumi, shi ne yake buɗe ta mai rufa baya, domin kowane labarin Hausa yana bukatar uba da uwa da kaka da liman da mai unguwa. Naima Wifstrand, wadda aka haifa a 1890, tauraruwar waƙa ce a dandamali a ƙuruciyarta, da shekaru suka ja sai ta koma fitowa a tsofaffi. A wancan fim da von Sydow ya fito a mai sayar da mai ita ce ta fito a uwar jarumin, alhali Victor Sjöström da ya fito a ɗan nata an haife shi a 1879, wato ya girme ta da shekara goma sha ɗaya. Kwalliya ta taimaka, amma zama da murya da yadda take motsa hannu su suka yi aikin. Shawarata ga wanda ya kai shekara talatin da biyar ita ce ya fara koyon tsufa tun bai zo ba: ya lura da yadda dattijo yake dafa gwiwa kafin ya tashi daga tabarma, yadda yake jinkirta amsa, yadda tsohuwa take gyara lulluɓi idan za ta faɗi magana mai nauyi. Ga mata wannan ya fi muhimmanci, domin da yawa sukan bar fim idan sun yi aure, kuma wadda hali ya sa ta dawo bayan shekaru, ƙofar da za ta samu a buɗe ita ce ta uwa da gwaggo, ba ta budurwa ba.

Akwai kuma ribar da ba a gani sai can gaba. Björnstrand, wanda aka haifa a 1909, ya yi shekaru yana ƙananan fitowa kafin a san shi, ya kuma yi aiki da Bergman tun daga shekarun 1940. A 1982, lokacin da tsufa da rashin lafiya suka fara taɓa masa hadda, daraktan ya sake ba shi wani ɗan matsayi a babban fim ɗinsa na wannan shekara, aka yi ta maimaita ɗauka cikin haƙuri har aka samu abin da ake so. Ya rasu a 1986. Irin wannan haƙuri ba a yi wa baƙo, sai wanda aka yi shekara arba'in ana kiransa yana zuwa a kan lokaci.

Rubuta aikinka da hannunka

Dalilin da ya sa na iya kawo shekaru da adadin finafinan waɗannan mutane shi ne ƙasarsu ta rubuta. Cibiyar fim ta Suwidin, wadda aka kafa a 1963, tana da rumbun bayanai a intanet mai suna Svensk Filmdatabas, inda ake samun fim da sunayen waɗanda suka fito a ciki, har da masu ƙananan matsayi irin su mai tsaron ƙofa da fasinjan jirgi. Ko a can ma an daɗe ba a kula da masu rufa baya ba, domin kyautar fim ta ƙasar, Guldbagge, an fara ba da ita a 1964, amma sai a tsakiyar shekarun 1990 aka ware rukunin mataimakin jarumi, bayan su Fürst da Cæsar sun riga sun kwanta dama. A nan kuwa sau da yawa ko a jerin sunayen ƙarshen fim ba a saka mai ƙaramin matsayi, ko a saka laƙabinsa da kuskure, finafinan kaset da yawa kuma sun ɓace ɗungurum.

Saboda haka ka sayi littafi mai kauri tun daga aikinka na farko. A kowane shafi ka rubuta sunan fim ko wasan, shekara da wata, garin da aka ɗauka, sunan darakta da furodusa, matsayin da ka fito a ciki, yawan fitowarka, abin da aka yi alkawari da abin da aka biya. A ƙasa ka ƙara layi ɗaya a kan abin da ka koya ko kuskuren da ka yi. Kafin ka bar lokeshan ka je wurin mai rubuta sunaye ka tabbatar an rubuta naka yadda kake so ya fito, kuma ka tsaya a kan suna ɗaya duk tsawon aikinka, kada yau a san ka da sunan yanka gobe da laƙabin fada. Idan fim ya fito ka yanko fitowarka mafi kyau, ka haɗa guda huɗu ko biyar masu halaye dabam-dabam a bidiyon da bai wuce minti uku ba, shi za ka tura wa daraktan Kano ko Yamai da bai san ka ba. Hotunan da ka ɗauka da kayan wasa a jikinka kuma ka tura kwafinsu zuwa wayar wani ɗan'uwa, ka wanke biyu ko uku a takarda ka liƙa su a cikin littafin, kusa da shafin fim ɗin da suka fito.